Riƙon Kunkurun Baba

Kunkurun ya girme ni. Baba ya tsince shi a dajin bayan Tibiri tun yana saurayi, kafin ma ya auri Inna, a lokacin bai wuce tafin hannu ba. Da na yi wayo na tarar da shi ya kai girman tukunyar da ake dafa tuwon suna, yana jan jiki a tsakar gidanmu, bai damu da kowa ba. A gefen ƙoƙon bayansa, daga can baya, akwai huda da Baba ya yi da basilla mai zafi, ya saka zoben tagulla, a nan ake ɗaura igiya. Haka mutanen da suke yi. Ba mu taɓa jin wani ya ce laifi ba ne.

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, idon Baba kuma ya fara yana, sai maigidana ya ce a dawo da shi wurinmu Sabon Gari, cikin Maraɗi. Baba bai yi musu ba, abu ɗaya kawai ya ce: inda duk za a kai shi, da Tsoho za a tafi. Tsoho shi ne kunkurun. Maza biyu suka ɗora shi a mota.

Kullum da hantsi, in Baba ya gama lazimi, sai in shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar bedi. Ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙasa sau uku. Daga nan sai ka ji ƙarar zoben yana gogar tsakuwa, Tsoho na tafe. Baba ya riƙa miƙa masa ganyen zogale da ɓawon kankana, yana ba shi labarin mutanen Tibiri, wane ya mutu, wane ya sayar da gonar gado. Ni ina wanke-wanke ina jin su. Tun rasuwar Inna, wannan hirar ce kaɗai nake jin Baba yana dariya a cikinta.

A farkon daminar shekara ta biyu, ƙasa ta yi laushi, Tsoho ya haƙa rami a gindin katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta. Katangar ƙasa ce. Ba mu lura ba sai ranar da ya ɓullo a madafar maƙwabciyata, igiyar ta tsinke, ya cinye mata kuɓewar da ta shuka a bakin rariya. Katangar kuma ta tsage tun daga ƙasa har kusan sama.

Ta shigo ba sallama, ludayi a hannu.

"Ke, zo ki kwashi kakanku daga madafata! Yau kuɓewa, gobe katanga ta faɗo ma ɗiyana?"

"Ki yi haƙuri, don Allah. In maigidan ya dawo za a gyara."

"Haƙuri ba ya tallabe katanga. Wallahi in ba ku raba mu da abin nan ba, 'yan gandun daji zan kira. Kin dai san an hana aje irinsu. Ke da kika yi karatun lekol, je ki bakin kasuwa ki karanta da idonki."

Ba muguwar mace ba ce. Ita ta yi mani kunun kanwa sati guda lokacin da na haihu. Tsoron katanga ne ya sa ta faɗi haka, na sani. Amma maganar ta zauna mani a ƙirji.

Washegari na tafi kasuwa cefane, na bi ta layin masu maganin gargajiya, inda ake baza fatu da ƙahonni da busassun kawunan tsuntsaye. A bangon da ke fuskantarsu an manna wata babbar takarda mai hotuna. Ga barewa, ga jimina, ga ungulu, ga gauraka. A layin ƙasa, na biyu daga dama, ga Tsoho. Kamarsa ɗaya, har ƙayoyin nan na ƙafafunsa.

Rubutun da faransanci ne. Na yi koleji har aji uku kafin a yi mani aure, kuma a gidanmu ni ake kawo wa takardar likita in karanta. Na tsaya da kwandona ina bi a hankali. Na gane kalmar farauta, na gane ta sayarwa. Sai idona ya faɗa kan wata da aka rubuta da jan tawada: détention. Wannan kalma na san ta. Mushenmu, wato malaminmu na faransanci, ya taɓa fassara mana ita a aji, ya haɗa wuyan hannuwansa biyu kamar mai ankwa, ya ce ita ce tsare mutum a gidan kaso. Ban ƙara karanta komai ba. A raina na gama haɗa maganar: duk wanda aka samu da ɗayan waɗannan dabbobi, kaso za a kai shi.

Ban san yadda na iso gida ba. Na manta tattasai a wurin mai awo.

Abin da ya tsaya mani shi ne, duk unguwar ta san kunkurun na Baba ne. In suka zo, ba ni za su tambaya ba. Sai in riƙa ganinsa a zuci, tsoho mai yanar ido, yana laluben buta a ɗakin da ba ya gane gabas, ba mai ɗiga masa maganin ido, ba mai dama masa koko marar tsami. In na kai nan sai abin da ke hannuna ya suɓuce. Na fasa kofi biyu a satin nan.

Na kira maigidana, yana Damagaram da motar hatsi. Ya ce, "Ki bari in dawo, kwana goma ne." Na ce to. Amma kwana goma a wurina kamar shekara ne. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in miƙe in kasa kunne. Wata rana mai karanta kwanta, wato mitar lantarki, ya buga ƙofa, na hango rigarsa ta ramin ƙyaure, kafin in gane shi har na kifa wa Tsoho bahon wanka na zauna a kai. Baba daga tabarma ya ce, "Uwata, lafiya kike numfashi haka?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, shi ya sa yake ce mani Uwata. Na ce lafiya lau, tuntuɓe na yi. Allah ya yafe mani, wannan ita ce ƙaryar farko.

Ban faɗa masa komai ba. Na san halinsa. Cewa zai yi su zo su kama shi.

Yayana yana da garka a Jiratawa, cikin filin noman rani, inda ruwa ke bin kwalbati ba rani ba damina. Sai na ƙulla a raina in kai Tsoho can in sake shi cikin zogale. Ga ci, ga sha, ga inuwa. In 'yan gandun daji sun zo gidanmu, su tarar da rami babu kowa. Baba zai yi fushi, zai yi baƙin ciki, amma a gida zai yi shi.

Ranar Juma'a abokin maigidana ya zo ya ɗauki Baba zuwa masallaci kamar yadda ya saba. Suna fita na tare mai adaidaita, wani dattijo mai ƙaton rawani wanda ya ce shi a Jiratawa zai yi tasa sallar, don can ba sa saurin tayarwa. Muka tura Tsoho cikin babban buhun gawayi. Da ƙyar muka ɗaga shi mu biyu.

"Hajiya, wannan turmi ne ko dutsin niƙa?" in ji shi, alhali da hannunsa ya tura shi.

"Malam, don Allah mu tafi."

"Ni dai yau na ɗauko fasinjan da ba zai ce ina gudu da yawa ba."

Na rufa tsohon zane a kan buhun, na ɗora ƙafafuna. Muna tafe ina jin motsinsa a tafin ƙafata, yana huci irin nasu, kamar ana sace iskar taya. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Abin da ban yi tunani ba shi ne hanyar. Hanyar Jiratawa ita ce ke miƙewa har iyakar Najeriya. A bakin gari kuma akwai shingen 'yan gandun daji, masu duba itace da gawayi. Sau nawa na wuce wurin ban ko kalle su ba. Ranar nan kuwa ga ni da buhun gawayi a ƙarƙashin ƙafa. Ana gudun gara, an faɗa gidan zago.

Wani mai koren kaki ya ɗaga hannu. Ba yaro ba ne, gemunsa da furfura. Ya leƙo ya gaishe ni, ya dubi buhun.

"Gawayi ne, Hajiya?"

Kafin in sami abin cewa, Tsoho ya saki fitsari. Ya biyo ta ƙasan buhun, ya jiƙa mani silifa, ya gangara har bakin adaidaita yana ɗiga ƙasa. Buhun kuma ya motsa.

"Gawayin naki da rai," ya ce. "Sauko."

Suka kwance buhun a gefen hanya, shi da wani abokin aikinsa. Tsoho ya janye kai ciki. Mai adaidaita ya fara rantsuwa shi ɗaukowa kawai aka ce ya yi, bai san komai ba. Masu wucewa a kan kabu-kabu suna rage gudu suna kallo. Na ja lulluɓina har goshi.

"Ina za ki kai shi? Wa ke jiranki a iyaka?" in ji mai furfurar.

"Wallahi ba iyaka za ni ba. Jiratawa za ni, garkar yayana. Sakinsa zan yi."

"Na wane ne?"

"Nawa ne."

Ya tsuguna, ya kama zoben tagullan nan ya juya shi da yatsa. Zoben ya sirance saboda daɗewa, hudar kuma ta yi sulɓi.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah, yau Juma'a. Zoben nan ya girme ki."

Sai kuka ya ƙwace mani. Na durƙusa a kan tsakuwa, ban damu da masu kallo ba. Na ce na mahaifina ne, tsoho ne, ba ya gani, in kaso ne a kai ni a madadinsa, ni na ɗauko shi, shi bai ma sani ba.

Ya ce in tashi, ba a yi masa durƙuso. Sannan ya ce abin da na yi yau ya fi zaman kunkurun a gida nauyi, don duk wanda aka kama da irinsa cikin buhu a wannan hanyar, mai fataucinsu ake ɗaukarsa. Ya ce da na sake shi a Jiratawa, bai kwana uku: ko damshi ya kashe shi, don dabbar tudu ce, ko mai garka ya same shi cikin shukarsa ya kai shi layin masu magani. Ya karɓi katina na shaida ya rubuta wani abu a littafinsa.

"Kunkuru zai zauna wurinmu. Litinin da safe ku zo biro, ofishinmu, ke da mai shi."

"Da shi? Ba za a bar shi ba?"

"Da mai shi, Hajiya."

Na dawo gida da buhu babu kowa a ciki. Baba ya riga ni dawowa. Yana zaune a gindin bedi, ya sayo kankana a ƙofar masallaci. Ina shiga na ji sandar: ɗaya, biyu, uku. Ya saurara. Ya sake bugawa.

Na zauna a bakin tabarmar na faɗa masa duka, tun daga kuɓewa har shinge. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana shafa ɓawon kankanar.

"Sun ba shi ruwa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ya cin abin da aka jefa mishi a ƙasa cikin rairayi. Kin gaya musu?"

"Ban gaya musu ba."

Ya lalubi sandarsa ya tashi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Asabar da Lahadi ya wuni a ɗaki, koko ma rabi yake sha. Maƙwabciyata ta ji labari ta shigo tana tafa hannu, tana cewa ita wallahi baki ne kawai, ba ta kira kowa ba, ba ta ma san inda biron yake ba. Na ce na sani. Ta zauna ta taya ni tsinke zogalen da babu mai ci.

Litinin na shiga ɗakin Baba in taimaka masa ya shirya, na tarar ya riga ya sa farar rigarsa ta Idi. A gabansa ga ƙunshi ya ɗaure da kansa: bargo, buta, carbi, da kwalbar maganin ido. Ya lalubo ya haɗa su tun kafin in shigo.

"Baba, wannan fa?"

"In sun riƙe ni, kada ki sha wahalar kawowa."

Na sunkuya na ɗauki ƙunshin. Har yau in na ga bargon nan sai na ji abin da na ji a ranar.

A biron aka sa mu jira a benci. Ina riƙe da hannunsa. Ga irin takardar nan ta kasuwa manne a bangon da ke gabanmu, da jar kalmar. Na sunkuyar da kai.

Mai furfurar nan ya fito, ya kai mu wurin babbansu. Babban ya tashi ya ba Baba kujera, ya dubi ƙunshin.

"Baba, tafiya za ka yi?"

"An ce mani mai kunkuru kaso za shi. To ga ni. Ɗiyata ba ta da laihi, tsoro ne ya sa ta."

"Wa ya ce kaso?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Na nuna bangon waje, na faɗi kalmar da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Babban ya jingina da kujera. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce kalmar baki biyu gare ta. In mutum ake magana, tsarewa ce, kamar yadda aka koya mani. In dabba ce ko kaya, riƙo take nufi. Abin da takardar ke cewa, an hana riƙon waɗannan dabbobi ba da izini ba. Ya ce kada in ɗauka wasa ne, akwai waɗanda dokar ke kai wa kaso da gaske, masu kashewa da masu ɗiba suna ƙetarawa da su. Da a ce zoben nan sabo ne, da maganarmu ta yi tsawo.

Sai ya tambayi Baba inda ya samo shi. Baba ya gyara zama. Ya ce a zamaninsu, in ka bi dajin bayan Tibiri bayan ruwan farko, sai ka yi hankali da ƙafarka saboda ramukansu. Ya ce rabonsa da jin wani ya ga ko ɗaya a can, tun kafin a haifi autarsa.

"To ka gani, Baba," in ji babban. "Kowa ya ɗauki ɗaya ya kai gida, ga dajin ya zama gona. Naka ya tsufa a hannun mutane, ko mun mayar da shi ba zai iya ba. Amma ba naka ba ne kamar akuya. Riƙo za mu ba ka, da takarda."

"Riƙo," in ji Baba. "Kamar ɗan riƙo."

"Kamar ɗan riƙo. Ba sayarwa, ba kyauta, ba fita da shi cikin buhu." Ya ɗan kalle ni. "A cire mishi igiya, a gina mishi wuri da bulo mai zurfin tushe. In ya yi ciwo a gaya muna. In ya mutu a gaya muna. In kuma mai takardar ne Allah ya yi wa cikawa, a zo a sake suna."

Baba ya ce, "Wannan na ƙarshen shi za ku fara ji."

Suka auna Tsoho da igiyar awo, suka ɗauki hotonsa, Baba ya dangwala yatsa. Aka maido mani katina. Da aka fito da shi bayan biron, Baba ya tsuguna ya lalubo ƙoƙon bayansa, ya bi shi da tafin hannu tun daga wuya har zoben, yana magana ƙasa-ƙasa. Ban matsa kusa ba. A hanyar komawa, takardar na cikin aljihunsa, ƙunshin na kan cinyata, ya ce, "Uwata, gobe in kin karanta abu, ki karanta shi har ƙarshe." Iyakar faɗan da ya yi mani ke nan.

Maigidana ya dawo ya gyara katangar, ya gina wurin da bulo. Maƙeri ya zo ya yanke zoben. Baba ya sa shi cikin aljihun rigarsa, tare da carbi.

Damina biyu bayan haka Baba ya cika. Da aka yi sadakar bakwai, na ɗauki takardar na koma biron ni kaɗai. Har a ranar, da na hango koren kakin a ƙofa, sai da na tsaya a gindin wata bishiya na huta kafin in shiga. Suka soke sunansa suka rubuta nawa a ƙasa.

Yanzu ni ke fita da hantsi da zogale a faranti. Sandar Baba na jingine a bakin wurin. Watan farko in na buga ba ya fitowa, sai in tsaya da farantin, ina tunanin me zan je in ce musu, har in ga ƙasar bakin ramin ta motsa. Daga baya na lura ni da sauri nake bugawa. Baba yakan ɗan dakata tsakanin ta biyu da ta uku.